Rabin Layin da Ya Rage a Hannun Mutum

Akwai wani baƙin allo da duk wanda ya daɗe yana kula da kwamfutocin Linux ya san shi. An kunna na'ura, rubutu ya fara gudu kamar kullum, sai ya cije a kan layi ɗaya, jajayen taurari suna kai-komo a gefensa, agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi har zuwa minti 1 da daƙiƙa 30. Da wa'adin ya cika, maimakon wurin shigar da suna, sai saƙo ya fito cewa kwamfutar ta shiga yanayin ta-ɓaci, a kawo kalmar sirrin root ko a danna Control da D. Sau da yawa babu abin da ya ƙone, babu faifan da ya mutu, babu fayil ko ɗaya da ya salwanta. Abin da ya faru kawai shi ne jiya da yamma wani ya ga sunan faifansa na biyu bai yi masa ba, ya sauya shi.

Wanda ya taso da Windows zai yi mamakin yadda suna kaɗai zai hana na'ura tashi. A can kowane faifai da harafinsa, C ko D ko E, kowanne yana cin gashin kansa. Unix da zuriyarta, har da Linux, ba su bi wannan hanya ba. Tushe ɗaya tak suke da shi, wanda ake rubutawa da alamar /, kuma duk faifan da aka kawo sai an nema masa wata folda a ƙarƙashin wannan tushe an ɗora shi a kanta. Wannan foldar ita ce mazaunin faifan. Muddin faifan yana kai, duk abin da aka rubuta a foldar a cikinsa yake sauka. Da an sauke shi, foldar tana nan da sunanta, sai dai fanko ce, kuma abin da aka zuba mata daga nan a kan babban faifai zai zauna.

Dabarar ta girmi yawancin masu amfani da ita a yau. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara gina Unix a 1969 a ɗakunan binciken Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, kuma littafin jagora na farko da suka fitar a watan Nuwamban 1971 yana ɗauke da umarnin mount na ɗora faifai. Larura ce ta sa suka dogara da shi. Faifan na'urarsu ta PDP-11 bai kai megabayit 3 ba, ƙasa da hoto ɗaya na wayar zamani. Da shirye-shiryen tsarin suka cika faifai na farko, sai suka malala zuwa na biyu, wanda aka ɗora a kan /usr, inda asali fayilolin ma'aikata suke zama. Daga nan aka samu /bin da /usr/bin, foldoji biyu masu aiki iri ɗaya. Faifai sun ninka girma sau miliyan, amma rabon bai gushe ba sai da Fedora 17 ta haɗe su a 2012, Debian kuwa sai a fitowa ta 12 a 2023 ta wajabta haɗewar. Sunan mazauni ɗaya da aka zaɓa saboda ƙarancin wuri ya ci fiye da shekara 40 kafin a iya kwance shi, domin dubban shirye-shirye sun riga sun haddace shi.

A farkon zamani, umarnin ɗora faifai ana jera su ne ɗaya bayan ɗaya a cikin /etc/rc, fayil ɗin da na'ura ke bi in ta tashi. A 1980 masu gina Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da 4.0BSD, wadda a cikinta kakan /etc/fstab na yau ya bayyana. Tebur ne na rubutu zalla, kowane faifai da layinsa. A Linux kowane layi yana da gurbi 6 da sarari ya raba: wane faifai ne, ina mazauninsa, wane irin tsarin ajiya ne a kansa, waɗanne sharuɗɗa za a bi wajen ɗora shi, sai lambobi biyu na ƙarshe, ɗaya ta wani tsohon shirin kwafin ajiya mai suna dump, ɗaya ta jerin yadda za a binciki lafiyar faifan da fsck. Kusan duk tarihin wannan matsala a gurbi biyu na farko yake.

Lokacin da Linus Torvalds ya sanar da Linux daga Helsinki a watan Agustan 1991, da shekarun da suka biyo baya, gurbin farko bai cika ba mutane wahala ba. Faifan IDE yana samun sunansa daga inda aka jona shi a jikin waya. Na farko a waya ta farko shi ne /dev/hda, na biyu /dev/hdb, na farko a waya ta biyu /dev/hdc. Muddin ba a buɗe akwatin kwamfutar an sauya jonin ba, sunan yana nan daram. Wahalar wancan zamani a wani wuri take. LILO, shirin da ke tayar da tsarin a lokacin, yana haddace ainihin inda kanel, zuciyar tsarin, yake kwance a kan faifai, kuma duk wanda ya taɓa kanel bai sake gudanar da umarnin lilo ba, zai tarar da na'urarsa ta tsaya a kan haruffa biyu, LI. Masu kula da kwamfuta suna yawo da faifan filofi na ceto mai ɗaukar megabayit 1.44. Sai a 2000 Klaus Knopper na Jamus ya fito da Knoppix, cikakken Linux da ke tashi daga faifan CD ba tare da ya taɓa babban faifai ba, kuma aikin ceto ya samu sauƙi ƙwarai.

Kwanciyar hankalin gurbin farko ta ƙare da zuwan SATA da filash na USB. Waɗannan ba daga jikin waya suke samun suna ba. Wanda kanel ya fara gani shi ne /dev/sda, mai bi masa /dev/sdb. Ya isa a manta filash a jikin na'ura kafin a kunna ta, faifan da ya kasance sdb jiya ya wayi gari sdc. A ƙarshen 2006 kanel na 2.6.19 ya kawo sababbin direbobi da suka mayar da tsofaffin faifan IDE ma cikin wannan layi, kuma da Fedora 7 ta ɗauke su a 2007, duk wani hda ya koma sda. Wanda fstab ɗinsa ke ɗauke da tsohon suna ya ga ta kansa.

Magani biyu aka kawo. Red Hat ta daɗe tana rubuta laƙabi a jikin kowane ɓangaren faifai, ta kira shi da LABEL a cikin fstab. Ubuntu kuwa, tun daga 6.10 a watan Oktoban 2006, ta koma ga UUID, wata lamba mai bit 128 da ake rubutawa da alamomi 32 a rukuni biyar, ana ƙirƙirar ta lokacin da aka shimfiɗa tsarin ajiya a kan faifai, kuma tana bin sa duk inda aka kai shi. Ba ta da daɗin karantawa, babu mai haddace ta, amma ta yi aikinta. A cire faifan a kai shi wata na'ura, a sauya masa waya, a jona filash goma kafin shi, lambar ba ta motsi. Umarnin blkid yana nuna ta, shirin udev kuma yana ajiye hanyar zuwa gare ta a /dev/disk/by-uuid.

Da haka na'ura ta karɓe gurbin farko daga hannun mutum. Gurbi na biyu kuwa ba yadda za a yi ta karɓe shi, domin amfanin sunan mazauni shi ne mutum ya gane shi. Mutum ne ke raɗa shi, mutum ne ke kwafe shi zuwa fayilolin saiti iri-iri, kuma mutum ne ke tashi wata rana ya ga /mnt/data ya fi kyau a kira shi /mnt/ajiya.

Abin da ya fi sauyawa a tsawon shekarun shi ne yadda tsarin ke ɗaukar kuskure. A zamanin SysV init, wanda Linux ta gada daga Unix, tashin na'ura jerin umarni ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Idan fsck ya kasa binciken wani faifai, akan tsaya a nemi kalmar sirrin root. Amma idan an wuce nan, aka zo kan mount -a, sai wani layi ya ƙi hawa, a tsari irin na Debian saƙon gazawa kawai ke giftawa a allo, tafiya ta ci gaba. Na'ura ta tashi, kowa ya shiga aikinsa. Mutane da yawa suna tuna wannan zamani da kewa, kuma suna da hujja, domin na'urar da ta tashi ana iya shiga cikinta daga nesa a gyara ta.

Sai dai sassaucin yana da farashi mai tsada, kuma ba a biyan sa nan take. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya mayar da rumfarsa wani layi bai sanar da masu kawo masa kaya ba: za su ci gaba da sauke buhuna a tsohon wurin, shi kuma yana can yana jira. Shirin da aka ce ya ajiye kwafin bayanai a /mnt/data ba ya tambaya ko akwai faifai a kan foldar. Ya tarar da ita, ya rubuta. Dare bayan dare kwafin yana taruwa a kan babban faifai har ya cika, kundin rahoto ya kasa rubutuwa, rumbun bayanai ya tsaya, kuma babu wanda ya danganta wannan da sunan da aka sauya makonni da suka wuce. Mafi ciwo shi ne idan aka sake ɗora faifan a kan tsohuwar foldar. Fayilolin da aka zuba a ƙarƙashinsa sai su ɓuya, suna cin wuri amma ido ba ya ganin su.

Ubuntu ta gwada tsaka-tsaki. A zamanin tsarin tashinta na Upstart, a fitowa irin su 10.04 zuwa 14.04, idan faifai bai samu ba allon tashi yakan ba da zaɓi: a danna S a tsallake shi, ko a danna M a shiga gyara da hannu. Ga mai zaune gaban kwamfutarsa wannan adalci ne. Ga uwar garken da ke kulle a wani ɗaki babu kowa kusa da ita, daidai yake da tsayawa.

A ranar 30 ga Afrilun 2010 Lennart Poettering ya sanar da systemd, sabon tsarin tashin na'ura wanda ya gina tare da Kay Sievers. Fedora 15 ta ɗauke shi a 2011, Arch a 2012, Red Hat Enterprise Linux 7 a 2014, sannan Debian 8 da Ubuntu 15.04 a watan Afrilun 2015. Systemd bai jefar da fstab ba, amma ya daina bin sa layi-layi. Duk lokacin da na'ura ta tashi, wani ƙaramin shiri yana karanta teburin ya mayar da kowane layi wani aiki mai zaman kansa, ya raɗa masa suna daga sunan mazaunin: /mnt/data ya zama mnt-data.mount. Dukan faifan cikin gida ana tara su ƙarƙashin wani mataki mai suna local-fs.target, kuma ƙa'idar a fili take. Duk layin da ba a yi masa alamar nofail ko noauto ba, wajibi ne. Idan faifan bai bayyana ba, za a jira shi daƙiƙa 90. Idan bai zo ba, ko ya zo ya ƙi hawa, matakin ya faɗi, na'ura ta shiga yanayin ta-ɓaci kafin ma a tayar da hanyar shiga daga nesa.

Sauyin bai zo da daɗi ba. Na'urori da yawa sun shekara suna ɗauke da matattun layuka a fstab, na faifan da aka cire tun tuni ko na filash da ake jonawa jefi-jefi, tsohon tsari yana kau da kai. Da aka ɗaga su zuwa sabon tsari, tashin farko ya zama tsayawa. Bayanan da Debian ta fitar tare da fitowa ta 8 sun keɓe sashe guda suna gargaɗi kan wannan tsanani, suna ba da shawarar a share tsofaffin layuka ko a sa musu nofail kafin ɗagawa. Rigimar systemd gaba ɗaya ta yi zafin da wasu suka ɓalle daga Debian a ƙarshen 2014 suka kafa Devuan, wadda ba ta amfani da shi.

Wani abin lura shi ne sauya sunan mazauni a cikin fstab, idan an yi shi tsaf, ba shi kaɗai ke kayar da na'urar zamani ba. Ko an manta ba a ƙirƙiri sabuwar foldar ba, systemd zai ƙirƙira ta da kansa lokacin tashi, abin da umarnin mount na hannu ba ya yi sai an ce masa. Ɓarnar tana zuwa ne daga gefe.

Ta farko ita ce sarari. Wanda ya raɗa wa mazauni suna mai kalmomi biyu, kamar /mnt/sabon faifai, ya ƙara gurbi a layin ba tare da ya sani ba. Tsarin zai ɗauki kalma ta biyu a matsayin nau'in tsarin ajiya, ya neme shi ya rasa, layin ya faɗi. A fstab, sarari a cikin suna sai an rubuta shi da \040. Ta biyu ita ce rikita mazauni da laƙabi. A kwamfutar tebur, faifan da ba ya cikin fstab ana ɗora shi kai tsaye a folda mai ɗauke da laƙabinsa, ƙarƙashin /media a wasu tsare-tsaren, ko /run/media a Fedora da Arch. Saboda haka mutane da yawa, in suna son sauya sunan da suke gani, laƙabin suke sauyawa. Idan akwai layi a fstab da ke kiran faifan da tsohon laƙabi, to an samu jiran daƙiƙa 90 ɗin nan da abin da ke biye da shi.

Sai kuma layukan da suka rataya a kan wanda aka sauya. Akwai masu ajiye gidajen masu amfani a babban faifai na biyu, su jingina /home da wata folda a cikinsa ta hanyar bind. An gyara layin sama, an manta na ƙasa. Ko dai layin ya faɗi, ko a wayi gari /home fanko ne, mutum ya shigar da kalmar sirrinsa daidai, allo ya yi duhu ya sake mayar da shi wurin shiga. Fayil ɗin swap da ke zaune a tsohuwar hanya shi ma zai ƙi aiki, ko da yake wannan ba ya tsayar da tashi, yana dai barin na'urar babu madogara ranar da ƙwaƙwalwarta ta cika. Wanda kuma ya rubuta fayil ɗin .mount da hannunsa yana da ƙarin sharaɗi: sunan fayil ɗin dole ya dace da hanyar da ke cikinsa harafi da harafi, in ba haka ba systemd zai ƙi karɓar sa.

Akwai kuma waɗanda ba sa hana tashi amma suna firgita mutum fiye da baƙin allo. Docker, idan aka nuna masa wurin ajiya a tsohuwar hanya, zai ƙirƙiri sabuwar folda a nan ya tashi babu komai, mai shi ya zaci aikin watanni ya tafi. MySQL a Ubuntu zai iya ƙin tashi ko bayan an gyara masa hanya, domin AppArmor bai san sabon wurin ba. A Fedora da Red Hat, SELinux ke yin irin wannan tsaro. Samba da NFS kuwa za su ci gaba da tallata foldar da babu komai a cikinta.

Mafi tsanani shi ne idan sauyin ya taɓa tushen kansa, kamar wanda ya sauya sunan rukunin faifai na LVM da vgrename alhali tsarin a kansa yake zaune. A nan ba a ma kai ga fstab ba. GRUB, shirin da ke tayar da tsarin, yana miƙa wa kanel tsohon suna, ƙaramin tsarin farko da ake kira initramfs ya nemi tushen ya rasa, ya ajiye mutum a wani ƙuntataccen wurin umarni, na BusyBox a dangin Debian ko na dracut a dangin Red Hat. Wuri uku ke buƙatar gyara a tare: fstab, saitin GRUB, da initramfs da za a sake ginawa.

Hanyar fita ta fi ta zamanin filofi sauƙi, in mutum bai firgita ba. Danna Control da D ba ya gyara komai, yakan sake dawo da mutum inda yake. Da an shiga da kalmar sirrin root, journalctl -xb yana nuna rahoton wannan tashin, kuma layin da ake nema shi ne na farko da ya faɗi, domin sauran duk mabiyansa ne. Umarnin lsblk -f yana jera faifan da na'ura ke gani da laƙabinsu da lambobinsu, a gwada da abin da ke cikin fstab. Idan tushen ya ƙi karɓar rubutu, mount -o remount,rw / zai buɗe shi. Daga nan alamar # ɗaya a farkon layin da ake zargi ta isa ta tayar da na'urar, sauran gyaran a yi shi cikin natsuwa.

Cikas ɗin da ya fi ba mutane haushi shi ne na na'urorin da aka girka ba tare da an ba root kalmar sirri ba. A wasu daga cikinsu yanayin ta-ɓaci yakan ce asusun root a kulle yake, ya ƙi buɗewa. Mafita ita ce a tsayar da GRUB, a danna e, a ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layin kanel, ko a tayar da na'urar daga filash mai ɗauke da Linux a gyara fayil ɗin daga waje. Ga mai allon rubutu irin na Faransanci, wanda aka fi samu a Nijar da Cadi, akwai ƙarin tarko, domin GRUB yana ɗauka tsarin haruffan Amurka ne a gabansa. A danna A ya fito Q, a nemi alamar / a rasa ta inda aka saba.

Duk wannan yana buƙatar mutum ya kasance gaban na'urar. Da hayar uwar garke a girgije ta yawaita, sai layi ɗaya na fstab ya zama abin da zai iya raba mutum da na'urar da bai taɓa gani da ido ba. Shekaru da dama, wanda ya yi wannan kuskure a EC2 na Amazon sai ya kashe na'urar, ya ciro faifanta na tushe, ya jona shi a wata na'ura ta daban, ya gyara layin, sannan ya mayar. Sai a 2021 kamfanin ya samar da hanyar ganin allon tashi da yin rubutu a cikinsa daga nesa. Jagororinsa suna ba da shawarar a kira faifai da UUID, a kuma sa nofail a layin duk faifan da ba na tushe ba.

Nofail ɗin ma ba a sa shi ido rufe. Abin da yake yi shi ne mayar da tsohon sassauci ga layi ɗaya, tare da tsohon haɗarinsa. Na'urar za ta tashi, shirin kwafin ajiya ya tarar da folda fanko, ya fara zuba mata. Masu kula da kwamfuta da suka ƙware suna haɗa shi da wani abu: su rubuta RequiresMountsFor a saitin shirin da ya dogara da faifan, don kada ya tashi sai faifan ya hau, ko su kulle foldar mazaunin da chattr +i tun tana fanko, ta yadda babu abin da zai rubutu a cikinta sai an ɗora faifai a kai.

A nan ne ya kamata a yi wa tsananin systemd adalci. Baƙin allon yana da ban haushi, kuma gaskiya ne cewa tsayar da uwar garke gaba ɗaya saboda faifan hotuna da bai hau ba ya yi yawa. Amma tsarin ba shi da hanyar sanin wane faifai ne na hotunan biki, wane ne na bayanan asibiti ko na albashin ma'aikata, sai an gaya masa. Tsohon tsari ya ɗauka kowane faifai ana iya rayuwa ba tare da shi ba. Sabon ya ɗauka kowanne wajibi ne har sai mai shi ya ce a'a. Kuskuren na farko yana bayyana bayan makonni a matsayin bayanan da suka tarwatse wuri biyu. Kuskuren na biyu yana bayyana cikin daƙiƙa 90, kafin a rubuta ko harafi ɗaya a wurin da bai dace ba, kuma mutumin da ya yi sauyin bai riga ya manta abin da ya taɓa ba.

Kayan aikin ma sun koyi darasi. Manhajar Disks ta GNOME, in aka ce ta rubuta wa faifai layi a fstab, tana saka nofail da kanta. Umarnin findmnt --verify yana karanta teburin ya nuna layin da ke da matsala tun kafin a kashe na'ura. Sababbin fitowar mount suna tunatar da mutum cewa ya taɓa fstab amma systemd yana kan tsohon karatu, ya gudanar da systemctl daemon-reload. Sauya sunan mazauni a yau aiki ne na mintuna kaɗan ga wanda ya bi tsari: ya tsayar da shirye-shiryen da ke amfani da faifan, ya sauke shi, ya ajiye kwafin fstab, ya gyara layin, ya bi /etc da grep yana neman duk inda tsohon suna ya maƙale, ya gwada da mount -a yana kallon allo, kuma in yana shakka ya bar wata alamar nuni daga tsohon suna zuwa sabo har sai ya tabbata babu mai neman sa.

Shi kansa fstab ya fara raguwa. A faifan da aka raba da tsarin GPT, kowane ɓangare yana iya ɗaukar lambar da ke faɗin aikinsa, wannan tushe ne, wannan /home ne, wannan swap ne, kuma systemd yana iya gano su ya ɗora su ba tare da layi ko ɗaya a teburin ba. Wannan ya shafi mazaunan da sunansu ya riga ya zama na kowa. Faifan ƙari da wani ofishi ya saya don ajiye takardunsa ba ya cikin wannan jeri. Har yanzu wani ma'aikaci ne zai zaɓa masa suna a ƙarƙashin /mnt ko /srv, ya rubuta shi a gurbi na biyu, sannan ya kwafe shi zuwa saitin Samba da na shirin kwafin ajiya da na rumbun bayanai, wurare uku ko huɗu da fstab bai san da zamansu ba.